NRA, SAF, FPC ko GOA: Wace Ƙungiyar Kare 'Yancin Mallakar Bindiga Ce Ta Cancanci Kuɗinka a Amurka?

Duk Bahaushen da zama ya yi masa tsawo a Amurka har ya sami takardar zama ɗan ƙasa ko ta zaman dindindin, sannan ya yanke shawarar ajiye bindiga a gida saboda tsaron iyali ko farauta, ba ya daɗewa wasiƙu da saƙonnin imel suke fara yi masa sallama. Kowace ƙungiya tana gaya masa cewa 'yancinsa na dab da salwanta, kuma ita kaɗai ce ta tsaya a tsakaninsa da masu son ƙwace masa makami. A yawancinsu kuɗin zama mamba na shekara bai kai dala 50 ba, saboda haka mutum yakan biya ba tare da dogon tunani ba. A ganina wannan kuskure ne, domin kuɗin da ka bayar yana zama murya a majalisa da kotu da sunanka, kuma kai ne za ka ɗauki nauyin abin da aka yi da shi.

Ba muhawarar ko ya dace a mallaki bindiga na kawo a nan ba, ko da yake muhawara ce mai nauyi a ƙasar da bindiga ta yi ajalin mutum 48,830 a shekarar 2021 kaɗai, fiye da rabinsu kuma su ne suka kashe kansu. Maganata da wanda ya riga ya zaɓi wannan hanya ce, yake kuma son sanin wace ƙungiya zai ba amana. Ga mai karatu da ke gida, bambancin shi ne cewa a Najeriya bindiga lasisi ce da hukuma ke bayarwa ko ta hana a ƙarƙashin dokar makamai ta 1959, amma a Amurka haƙƙi ce da aka rubuta a gyara na biyu na kundin tsarin mulki tun 1791, kuma a kan fassarar wannan gyara ne duk ƙungiyoyin nan suke rayuwa.

Dole a fara da National Rifle Association, wato NRA, domin ita ce uwa. Tsofaffin hafsoshin yaƙin basasa biyu, William Church da George Wingate, suka kafa ta a New York a 1871 don koyar da iya harbi, kuma ta shafe kusan shekara ɗari tana harkar horo da gasa da farauta. A 1975 ta buɗe sashen kamun ƙafa a majalisa, sannan a babban taronta na Cincinnati a 1977 mambobi suka yi wa shugabanni bore a zauren taro, suka ɗora Harlon Carter, suka mayar da ita ƙungiyar siyasa. Wannan tarihi yana da muhimmanci ga mai neman zaɓi, saboda yana nuna cewa an taɓa yin lokacin da mambobin NRA suka tuɓe shugabanninsu da ƙuri'a. Daga nan ne ta yi ƙarfin da ya kai ta ga samun dokar 1986 da ta sassauta wa masu bindiga, da dokar 2005 da ta kare kamfanonin ƙera makamai daga yawancin ƙararraki, da kuma kayar da ƙudurin faɗaɗa binciken masu sayen bindiga a Majalisar Dattawa a watan Afrilun 2013, wata huɗu kacal bayan kisan yara 20 da manya 6 a makarantar Sandy Hook. A zaɓen 2016 ta kashe fiye da dala miliyan 30 wajen mara wa Donald Trump baya. Babu wata ƙungiya a wannan fage da ta taɓa kusantar irin wannan tasiri.

Sai dai a cikin gida ɓarna tana ta cin ta. Wayne LaPierre ya hau kujerar gudanarwa a 1991, ya zauna a kanta fiye da shekara 30. A taron Indianapolis na 2019 rikici ya fito fili tsakaninsa da shugaban ƙungiyar na lokacin, Oliver North, wanda ya nemi a binciki yadda ake kashe kuɗi, kuma North ɗin ne ya rasa kujerarsa. Daga nan bayanai suka yi ta fitowa: tufafin kusan dala 275,000 daga wani kantin Beverly Hills, tafiye-tafiye a jiragen sama na haya zuwa Bahamas, hutu a jirgin ruwan wani ɗan kwangilar ƙungiyar, da kuɗaɗen da ake bi da su ta kamfanin talla na Ackerman McQueen don kada su bayyana a littafin ƙungiya. A watan Agustan 2020 babbar lauyar jihar New York, Letitia James, ta shigar da ƙara tana neman a rushe NRA gaba ɗaya. A watan Janairun 2021 LaPierre ya kai ƙungiyar kotun karayar arziki a Texas ba tare da ya sanar da yawancin kwamitin daraktocinsa ba, alƙali kuma ya yi watsi da buƙatar a watan Mayu, yana mai cewa ba da kyakkyawar niyya aka shigar da ita ba. Alƙalin New York, Joel Cohen, ya ƙi yarda a rushe ƙungiyar a 2022, amma ya bar shari'ar ta ci gaba. LaPierre ya sanar da murabus a farkon Janairun 2024, kwanaki kaɗan kafin a fara zama, kuma a watan Fabrairu masu taya alƙali yanke hukunci suka same shi da jawo wa ƙungiyar asarar dala miliyan 5.4, suka kuma ɗora wa tsohon ma'ajinta, Wilson Phillips, dala miliyan 2. Daga baya alƙali ya haramta wa LaPierre riƙe muƙami mai albashi a ƙungiyar na shekara goma.

Magoya bayan NRA suna cewa Letitia James ta shigo da ƙiyayyar siyasa, kuma akwai gaskiya a ciki, domin tun tana yaƙin neman zaɓe ta riƙa sukar ƙungiyar da zafi. Amma ƙiyayyar mai ƙara ba ta wanke wanda ake ƙara, kuma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kwamitin daraktocin NRA mutum 76 ne, adadin da ya fi kama da taron biki fiye da majalisar sa ido, kuma shekara da shekaru waɗanda suka yi tambaya a cikinsu ana cire su daga kwamitoci ko su gaji su ajiye. Kuɗin da aka biya kamfanin lauyoyi guda ɗaya a tsawon rikicin ya haura dala miliyan 100, daga aljihun mutanen da suka ɗauka suna kare 'yancinsu ne. Mambobi sama da miliyan ɗaya suka watse daga cikin kusan miliyan biyar, kuma a watan Yunin 2022, bayan kisan makarantar Uvalde, majalisa ta zartar da sabuwar dokar bindiga duk da adawar NRA, abin da aka kusa shekara 30 ba a ga irinsa ba.

Duk da haka akwai wani abu da masu zagin NRA ba sa son ambata, kuma shi ne ginshiƙin wannan kwatanci. A cikin manyan ƙungiyoyin nan, ita ce ke aika wa mambobinta takardar ƙuri'a kowace shekara don zaɓen daraktoci 25, ga duk wanda ya yi rajistar rai da rai ko ya shekara biyar a jere yana biya. Ta wannan hanya ne, tare da matsin kotu, masu neman gyara suka shiga kwamitin har aka zaɓi Doug Hamlin a matsayin sabon shugaban gudanarwa a watan Mayun 2024. Kuma ita ce aka baje littattafanta a bainar jama'a, aka yi wa shugabanninta tambayoyi bayan sun yi rantsuwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, to NRA ta yi nata wankan. Sauran ba a kai su rafi ba tukuna, saboda haka rashin jin abin kunya daga gare su ba hujja ba ce ta tsarki. Sannan har gobe babu mai kama ƙafarta a fagen horo: malamanta na koyar da riƙon bindiga suna ko'ina, jihohi da yawa suna karɓar takardar kwas ɗinta wajen ba da lasisi, kuma wasu filayen koyon harbi ba sa karɓar mutum sai yana da katinta.

Idan aka koma kotu, hoton sai ya sauya. Shari'ar Heller ta 2008, wadda Kotun Ƙoli da rinjayen alƙalai 5 da 4 ta tabbatar a cikinta cewa mallakar bindiga haƙƙin mutum ne a karan kansa, ba NRA ce ta kawo ta ba. Robert Levy na cibiyar Cato ne ya ɗauki nauyinta da kuɗinsa, lauya Alan Gura ya tsaya mata, NRA kuwa da farko ƙoƙarin karkatar da ita ta yi saboda tsoron faɗuwa. Bayan shekara biyu, shari'ar McDonald da birnin Chicago, wadda ta shimfiɗa wannan haƙƙi a kan jihohi da birane, gidauniyar Second Amendment Foundation ce, wato SAF, ta ɗauki nauyinta, kuma mai ƙarar, Otis McDonald, dattijo ne baƙar fata da ɓarayi suka addabi unguwarsa. SAF kuma tana cikin waɗanda suka yi nasarar da ta tilasta wa jihar Illinois ba da izinin ɗaukar bindiga a waje a hukuncin 2012. Adalci ya sa a ce shari'ar Bruen ta 2022, wadda ta rushe sharaɗin New York na sai mutum ya nuna dalili na musamman kafin a ba shi lasisin yawo da bindiga, reshen NRA na jihar ne ya kawo ta da goyon bayan uwar ƙungiya, saboda haka a cikin manyan hukunce-hukunce uku kowa yana da rabonsa. Amma idan aka auna nasara da yawan kuɗin da ake tarawa, SAF ta yi wa NRA nisa ƙwarai.

Alan Gottlieb ne ya kafa SAF a 1974 a Bellevue ta jihar Washington, kuma bayan shekara 50 har yanzu yana cikin masu riƙe da ragamarta, ko da yake lauya Adam Kraut ne babban daraktanta yanzu. A nan ne raunin yake. Gottlieb ya amsa laifin shigar da bayanan haraji na ƙarya a 1984, ya yi zaman gidan yari, daga baya aka mayar masa da haƙƙinsa na riƙe bindiga. An daɗe ana tambaya game da hulɗar kasuwanci tsakanin gidauniyar da kamfanoninsa na kashin kansa, har ofishin babban lauyan jihar Washington ya buɗe bincike, SAF kuma ta maka ofishin a kotu a 2023 tana cewa bi-ta-da-ƙulli ne na siyasa. Bincike ba hukunci ba ne, kuma laifin shekara 40 da suka wuce ba ya bin mutum har abada, amma ƙungiyar da mutum ɗaya ya kafa ya kuma riƙe rabin ƙarni tana da irin ginin da ya jefa NRA cikin rami. Masu zafin ra'ayi kuma ba su manta cewa a 2013 Gottlieb ya fara goyon bayan ƙudurin faɗaɗa bincike kafin ya janye ba. A wurina wannan ba aibu ba ne, alama ce ta mutumin da ke iya zama a teburin sulhu, amma mai karatu ya san da shi.

Firearms Policy Coalition, wato FPC, ƙanwa ce a cikinsu, Brandon Combs ya kafa ta a 2013, kuma aikinta kusan duka a kotu yake, sau da yawa tare da SAF a ƙara ɗaya. Ita ce ta jagoranci ƙarar da ta kai ga soke ƙa'idar ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi, kan madogarin hannu da ake ɗaura wa wasu ƙananan bindigogi, kuma ita da SAF suka sami hukuncin kotun ɗaukaka ƙara ta biyar a watan Janairun 2025 cewa hana 'yan shekara 18 zuwa 20 sayen fistol daga dillalai ya saɓa wa tsarin mulki. Tana faɗuwa ma: a watan Maris na 2025 Kotun Ƙoli da rinjayen 7 da 2 ta tabbatar da ƙa'idar bindigogin da ake harhaɗawa a gida, a watan Yuni kuma ta ƙi sauraron ƙarar dokar Maryland da ta haramta bindigogi irin AR-15. Shari'ar madogarin hannu ta koyar da darasi mai amfani ga mai neman zaɓi, domin a 2023 umarnin wucin gadi da kotuna suka bayar bai rufe kowa da kowa ba, sai masu ƙara da mambobin ƙungiyoyin da suka shigar da ita, wato FPC da SAF da GOA, mambobin NRA kuwa sai bayan watanni suka sami nasu. A wannan lokaci katin ƙungiya ya zama garkuwa ta zahiri daga tuhuma. Abin da ke hana ni sakin jiki da FPC shi ne harshenta a kafafen sada zumunta, inda take amsa wa 'yan majalisa da ashar a fili. Matasa da yawa suna jin daɗin haka, amma dattijon da ya taso a inda ake girmama baki zai sha wuya ya ga sunansa a ƙarƙashin irin wannan magana.

Gun Owners of America, wato GOA, ta fito ne daga hannun ɗan majalisar dattawan jihar California, H. L. Richardson, a 1976, kuma taƙamarta ita ce ba ta sulhu. Larry Pratt ya riƙe ta kusan shekara 40, ɗansa Erich Pratt kuma shi ne fuskarta a yau, abin da ya sa shugabancinta ya yi kama da gadon gida. Amfaninta na gaske shi ne matsin lamba: ita ce ke hana 'yan majalisar jam'iyyar Republican, da ita kanta NRA, lanƙwasawa. Lokacin da NRA ta nuna amincewa a ƙara tsaurara ƙa'ida kan na'urar da ke saurin fitar da harsashi bayan kisan Las Vegas na 2017, GOA kotu ta tafi, ko da yake hukuncin da ya soke haramcin a 2024 daga ƙarar wani mai kantin bindiga a Texas, Michael Cargill, ya fito. Akwai kuma tabo a tarihinta da bai kamata baƙar fata ɗan ci-rani ya tsallake ba: a 1996 Larry Pratt ya sauka daga muƙaminsa a yaƙin neman zaɓen Pat Buchanan bayan an bayyana cewa ya yi jawabi a wani taro a Estes Park ta Colorado a 1992, wanda masu aƙidar fifikon farar fata suka halarta. Ya musanta cewa yana da wannan aƙida. Ni dai ba na jin wannan musu ya isa ya share tambayar, kuma rashin sulhu kwata-kwata yana nufin ƙungiyar za ta yi adawa har da matakan da mai bindiga mai hankali zai iya karɓa.

National Association for Gun Rights ta Dudley Brown da ke Colorado ba sai na daɗe a kanta ba. Ta yi nasara a shari'ar wata irin kunamar bindiga, wadda ta ƙare da sulhu da ma'aikatar shari'a a 2025, amma an fi saninta da wasiƙun neman kuɗi masu tayar da hankali da kuma faɗa da 'yan'uwanta ƙungiyoyi, kuma ba ita zan fara nuna wa sabon shiga ba.

Akwai ma'aunin da mu ya fi shafa, wanda jadawalin nasarori ba ya nunawa, wato ko ƙungiyar za ta tsaya maka idan kai ne abin ya faɗa wa. A watan Yulin 2016 wani ɗan sanda a Minnesota ya harbe Philando Castile a cikin motarsa, baƙar fata mai lasisin ɗaukar bindiga, jim kaɗan bayan ya sanar da ɗan sandan cewa yana ɗauke da makami. NRA, wadda ba ta rasa bakin magana a kan komai, ta fitar da gajeriyar sanarwa da ko sunansa ba ta ambata ba, sannan ta yi shiru. Irin wannan giɓi ne National African American Gun Association, wadda Philip Smith ya kafa a Georgia a 2015, take cikewa da rassanta na horo da zumunci. Ba ta da ƙarfin kamun ƙafa ko rundunar lauyoyi kamar sauran, amma ga mai son koyon riƙon makami da yadda zai yi idan 'yan sanda suka tsayar da shi, a tsakiyar mutanen da suka san halin da yake ciki, tana da amfanin da manyan ba su da shi.

Shawarata ga mai kuɗin ƙungiya ɗaya ita ce SAF, saboda ba girin-girin ba, ta yi mai: tarihinta a kotu a rubuce yake, ba ta shiga yaƙin neman zaɓe, kuma da yake tana rukunin haraji na c3, wato na ƙungiyoyin agaji da ilimi, ana iya cire gudummawar da aka ba ta daga kuɗin da za a biya wa haraji, saɓanin NRA da GOA da FPC da ke rukunin c4, ko da yake kowaccensu tana da gidauniya ta gefe mai wannan rangwame. Wanda yake da halin biyu ya ƙara da ƙungiyar jiharsa, domin dokokin da za su taɓa rayuwarsa ta yau da kullum a majalisar jiha ake yin su, kuma bambancin da ke tsakanin Texas, wadda tun 2021 ba ta buƙatar lasisin yawo da fistol, da New York ko Maryland, kamar na ƙasashe biyu ne. NRA kuwa a shige ta saboda horo, ko da niyyar kaiwa matsayin mai ƙuri'a a kuma jefa ta, domin ƙalilan ne daga cikin masu haƙƙin zaɓe suke mayar da takardarsu, kuma wannan sakaci yana cikin abin da ya ba LaPierre shekara 30. GOA da FPC na wanda ya gamsu ne cewa duk wata ƙa'ida tauye haƙƙi ce, ya kuma shirya ɗaukar salon maganarsu.

Mai bizar karatu ko ta aiki ya yi hattara tun kafin a kai ga zancen ƙungiya, domin dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga sai da wasu keɓantattun sharuɗɗa kamar lasisin farauta, kuma ba shi da izinin ba da kuɗi ga asusun yaƙin neman zaɓe na kowace ƙungiya. Wannan na ɗan ƙasa ne da mai takardar zaman dindindin.

Kafin ka biya ko da dala ɗaya, nemi fom na 990 da kowace daga cikinsu take miƙa wa hukumar haraji duk shekara, wanda ake samu kyauta a shafin ProPublica. Kashi na shida zai gaya maka yawan daraktoci, da nawa ne a cikinsu masu zaman kansu, da ko mambobi ne ke zaɓensu. Kashi na bakwai yana ɗauke da albashin shugabanni da manyan 'yan kwangilar da aka fi biya. Jadawalin L kuma shi ne inda ake bayyana cinikin da ƙungiya ta yi da shugabanninta ko iyalansu. Ka kwatanta abin da aka kashe wajen neman gudummawa da abin da aka kashe a kan lauyoyi da horo, ka kuma duba na shekara uku a jere, domin fom ɗin yakan fito ne bayan fiye da shekara ɗaya da rufe lissafi.